Ayarin motoci uku daga Sakkwato zuwa bakin teku: inda aiki ya kai

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

An tsayar da magana a kan motoci. Hiace biyu masu dogon rufi su ne ɗakunan kwana, sai Hilux ɗaya mai fowil da za ta ɗauki kayan girki da na gyara, ita ce kuma za ta ja duk wadda ta kafe. Dukansu masu shan fetur ne, don kada a riƙa neman mai iri biyu a ƙauye. Mutum tara ne a ayarin, cikinsu har da bakanike da mai wayarin.

Hanya ita ce tsohuwar hanyar Legas: Boɗinga, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, sannan Badagiri, tafiyar sama da kilomita 1,000. Sabon titin Sakkwato zuwa Badagiri mai kilomita 1,068 a watan jiya aka ƙaddamar da aikinsa, ba ya cikin lissafin bana. An duba hanyar Kamba zuwa Gaya a tsallaka Malanbil, amma gadar da ke tsakanin Nijar da Benin a rufe take tun bayan juyin mulkin 2023. Daga Badagiri za a bi gaɓar teku yamma, ta Kwatano, Wida, Grand-Popo, Aneho, Lome, Keta da Ada, har Elmina ta ƙasar Gana in Allah ya yarda.

Mai shirya mota a Sakkwato zafi da ƙura ya sani, kuma a kansu ya iya aiki. Can kuwa abin da ke kashe mota danshi ne da gishiri da rairayi. A hunturu danshin iskar Sakkwato kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a bakin teku kuma yakan haura kashi 80 da dare. Duk abin da za a haɗa a garejin nan, da ma'aunin can za a haɗa shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An cire kujerun baya na bas biyun, an bar layin da ke bayan direba. An kankare daɓen ƙarfen, an shafa jan fenti mai hana tsatsa sau biyu, sannan aka shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 12 da ledar ɗaki a kai. Ba a sa kafet ba. Kafet na riƙe rairayi da laima, ƙarfen ƙasa ya yi ta ruɓewa ba wanda ya gani.

Rufi ya sami soso mai kaurin milimita 25 tsakanin ƙarfe da silin, an kuma huda shi an sa tagar iska mai murfi. Kowace taga ta sami ragar sauro a firam ɗin da ake cirewa.

Gadaje biyu ne a tsawon mota, da hanya a tsakiya, sai na uku a kan layin kujerar da ake kwantarwa. An huda katakon kowane gado da ramuka masu faɗin milimita 25, tazarar tafin hannu tsakaninsu, domin katifar da aka ɗora a kan rufaffen katako a wuri mai laima takan yi fumfuna ta ƙasa cikin 'yan kwanaki.

A wajen durowa aka fi daɗewa da kafinta. Katakon da ya sha iskar hunturu ya gama tsukewa, yana isa inda ake da laima zai sha ruwa ya kumbura, kuma ta faɗi yake kumbura, ba ta tsawo ba. Saboda haka an bar sarari na milimita 3 zuwa 4 a gefen kowace durowa, an shafa banish a kowace fuska har da bakin da zarto ya yanka, don ta nan ruwa ke shiga. Durowar za ta riƙa kaɗawa a nan, amma haka ake so. Ƙofofin kabad ɗin mota ta biyu an riga an yi su da zallan katako, cif-cif da firam, tun kafin a tsayar da wannan ƙa'ida. An bar su a haka, za a ga halinsu.

Tankin ruwa na lita 80 a kowace bas, a ƙasa tsakanin tayoyin baya, saboda kowace lita kilo ɗaya ce kuma nauyi a sama yana sa mota layi a kwana. Hilux na ɗauke da jarkoki huɗu masu lita 25. Jimla lita 260. In kowa ya ci lita 10 a yini wajen sha da girki da alwala, bai kai na kwana uku ba. Tukunyar gas a bayan Hilux take, a tsaye, a ɗaure. Ba a girki a cikin motar kwana.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Wuta. Kowace bas tana da faifan sola biyu masu wat 200, batirin lithium mai amfiya 100 wanda ke riƙe kimanin wat-awa 1,280, da kontirola, wato na'urar daidaita caji, mai amfiya 30. An ja waya mai kaurin milimita 6 daga rufi, an sa fis dab da kan batir, ba can nesa ba, don sashen wayar da ba shi da fis shi ne ke tayar da gobara.

Lissafin cin wuta a yini, a wat-awa: firji mai wat 45 da ke aiki rabin lokaci, 540, fanka biyu na awa goma, 300, fitilu da cajin wayoyi, kusan 150. Wajen 1,000 ke nan, kuma faifan za su iya mayar da shi in rana ta fito sosai. Sai dai gwajin da za a yi a nan ba zai faɗi gaskiya ba, domin daren Disamba a Sakkwato bargo ake nema, fanka a kashe, firji na hutawa. A bakin teku dare ba ya sanyi haka. Don haka an ƙara na'urar caji mai amfiya 30 da ke ɗebo wuta daga altanetar mota in ana tafiya.

An shafe kan kowane batir da basilin. Kusoshin da ke riƙe faifan sola ya kamata a ce na silba ne marasa tsatsa, amma na mota ɗaya kaɗai aka samu a kasuwa, ɗayar aka sa mata na baƙin ƙarfe.

Asabar, 7 ga Disamba

Gwajin rairayi a fadamar Kwalkwalawa, da cikakken lodi. Hiace da baya take ja, gabanta kuma da nauyi, ba ta yi tsawon mota huɗu ba ta nutse. Da iskar titi, wato kusan 50 a gaba da 60 a baya a ma'aunin mai faci, taya na haƙa rami ne kawai. Da aka sassauta zuwa 28, aka tashi a giya ta biyu ba tare da taka totur da ƙarfi ba, sai ta fita da kanta. Direban da ya ji taya ta fara juyawa a wuri ɗaya ya ɗaga ƙafa nan take, in ya ƙara wuta cikin motar ne zai zauna a ƙasa, kuma daga nan sai shebur.

Abin da aka ƙara bayan gwajin: shebur biyu, falanki huɗu masu tsawon mita ɗaya da kaurin inci biyu, faffaɗan katako na ɗora jak, famfon taya mai aiki da batir, da igiyar ja ta tan takwas. Maƙeran Assada sun ƙera turaku na rumfa masu tsawon rabin mita, don gajerun turaku ba sa kama rairayi. Igiyar ja a ƙugiyar shasi ake ɗaura ta, kuma kowa ya matsa nesa kafin a ja.

Yau ake zaɓe a Gana, rantsarwa kuma 7 ga Janairu. An tsara shiga ƙasar bayan wannan rana.

Litinin, 16 ga Disamba

Takardu sun kammala. Kowane mutum: fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara, wanda sai an kwana goma da yin allurar yake fara aiki. Kowane direba: lasisin gida da na ƙasa da ƙasa. Kowace mota: takardun mallaka, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card. An gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce harafi bayan harafi, domin kuskuren harafi ɗaya kan tsayar da mota yini guda a iyaka. Bas biyun an mayar da su lamba mai shuɗin rubutu ta motar gida, tunda mai jan rubutu motar haya ce kuma a haka za a ɗauke ta ko'ina. An sa alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, da abin kashe gobara, da akwatin magani a kowace mota.

Guzuri: shinkafa, wake, garin tuwo, garin kunu, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, kilishi, ƙuli-ƙuli. Duk a bokitin fenti mai murfin da ke kamawa, ba a buhu ba. Albasa za a saya a Aliero a rataye ta a raga.

Asabar, 28 ga Disamba, Ilori

An tashi ranar Alhamis bayan sallar asuba. Ba a tafiyar dare, musamman daga Yawuri zuwa Mokwa, kuma kowace safiya madugu kan shiga tasha ya tambayi direbobin da suka fito daga gaba halin hanya. Hilux a baya, bas mafi nauyi a gaba, don ayari da tafiyar mai rauni yake tafiya. Bas na cin kusan lita ɗaya a kilomita takwas, tanki lita 70, saboda haka ana shan mai da zarar ya sauka rabi.

Ramukan hanya sun kwance notin firam ɗin sola a mota ta farko, an ƙara wa kowanne noti na biyu a kai. A Jebba an tsaya kallon Kwara da dutsen Juju da ke tsakiyar ruwa, da abin tunawa da Mungo Park, Baturen da ya yi binciken kogin, da ragowar ƙarafan jirgin ruwan Dayspring da ya fashe a nan a 1857.

Talata, 31 ga Disamba, Badagiri

An kauce wa tsakiyar Legas, aka bi ta Abeokuta, Ota, Atan, Lusada zuwa Agbara, inda aka cika tankuna da tukunyar gas. Tun 2019 aka taƙaita kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma ba a tsallakawa da fetur a jarka.

Dare biyu a bakin ruwa sun isa nuna bambanci. Ƙofofin kabad ɗin mota ta biyu sun ƙi buɗuwa sai da aka zare hinjis, aka fere milimita 2 a gefen kowacce, aka shafe wurin da banish nan take. In an koma arewa za su tsuke su bar gibi, sai a liƙa musu roba a lokacin. Durowar da aka bar wa sarari yanzu ta zauna daidai. Da safe gilashi da ƙarfen ƙofa sharkaf suke ta ciki, numfashin masu barci ne ke taruwa a kai, maganinsa a bar tagar rufi da taga ɗaya ta ƙasa a buɗe duk dare, raga na tare sauro. Ƙuli-ƙulin da aka bari a leda ya yi laushi. Kilishi ana shanya shi awa ɗaya da tsakar rana, a mayar bokiti tun yana da ɗumi, kafin iskar yamma ta taso.

Garin kansa ya cancanci yini guda cur. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da gidan tarihin da ke cikin ginin 1863, da gidan Seriki Williams Abass, inda ƙananan ɗakunan da a da ake tsare bayi a ciki suke har yanzu. Daga bakin ruwa ake shiga kwalekwale a tsallaka zuwa Gberefu, a taka ƙasa kusan rabin awa cikin rairayi zuwa inda a da ake loda bayi a jirgi. A tafi da safe, da ruwan sha, a kuma sa rigar ruwa a kwalekwalen. Bahaushe bai kamata ya kalli wurin nan a matsayin tarihin wasu ba. Ta wannan gaɓa aka fitar da Hausawa masu yawa zuwa Bahiya ta Brazil a farkon ƙarni na 19, kuma suna cikin Musulmin da suka yi bore a can a 1835.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025, Wida

Tsallaka iyakar Seme zuwa Benin ya ci rabin yini. Mutum ɗaya ya riƙe fasfo duka, wani ya riƙe takardun motoci, direbobi suka zauna a motocinsu. Kowace mota ta karɓi takardar shiga ta wucin gadi, wadda direbobin hanyar ke kira lesefase. A karanta yawan kwanakin da aka rubuta a kai kafin a bar tagar. A tanadi ƙananan sefa saboda kuɗin hanya a Ekpe da Ahozon.

A Kwatano unguwar Zongo aka nufa. Hausa ake yi a can, akwai babban masallaci, akwai masu canji. Dokar ayarin a kowane gari ita ce a fara gaida sarkin zango, a ce ranka ya daɗe baƙi ne daga Sakkwato, a miƙa ɗan dabino da kilishi, shi zai nuna inda mota za ta kwana lafiya. A ƙauyen masunta da babu zango, mai gari ake nema kafin a kafa ko turke ɗaya. Fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin titi ba a sha, don ba a san ruwa ko dattin da ke ciki ba, kuma famfon man Hiace a cikin tanki yake.

Hanyar masunta da ta bi bakin teku daga Fidjrosse zuwa Wida, wajen kilomita 40, Hilux ce kaɗai ta bi ta. Farkonta kwalta, gaba kuma wuraren aiki da rairayi. Bas suka bi babban titi ta Godomey da Pahou.

A Wida akwai sansanin Turawan Fotugal na 1721, wanda suka riƙe har 1961, da hanyar bayi mai kusan kilomita huɗu daga gari zuwa ƙofar tunawa da aka gina a bakin teku a 1995. A kan wannan hanya ƙauyen Djegbadji yake, inda mata ke kankaro ƙasa mai gishiri daga bakin tafki, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tace, su dafa ruwan a murhun laka har ya ƙafe ya bar gishiri. Yanzu ne lokacinsa, da rani. Za a bar garin kafin mako na biyu na wata, lokacin bikin Vodun, addinin gargajiya na yankin, don ba za a sami wurin ajiye mota uku ba.

Laraba, 8 ga Janairu, Aneho

An yi zango a Grand-Popo, inda kogin Mono ke gangarowa teku. Ƙa'idojin ajiye mota a bakin ruwa sun fito fili a nan. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50, saboda haka inda yake busasshe da la'asar yau ba lallai ya zama busasshe da tsakar dare ba. A duba layin tarkace da ciyawar da ruwa ya bari a rairayi, a ajiye mota can bayansa, a kan ƙasa mai tauri, hancinta na kallon hanyar fita. Kada a ajiye ta ƙarƙashin bishiyar kwakwa komai daɗin inuwar, ƙwallo ɗaya ya isa fasa faifan sola ko gilashin gaba. A bar wa masunta filinsu, don da sassafe sukan ja igiyar taru mai tsawon gaske har ta ƙetare hanya.

Ba wanda ke shiga tekun nan wanka. Gaɓar na da gangara, igiyar ruwa kuma na ja da mutum ciki, wanda ya iya iyo a Gulbin Rima ma ba ta ƙyale shi. Ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi, sai a ɗebo da bokiti daga inda ya tsaya iya idon sawu, wani babba na kallo. Alƙibla ta ɗan ƙara karkata arewa a kan yadda aka saba a gida, mai salla a nan teku na damansa, ta ɗan koma bayansa.

Birki na ƙara da safe a taka biyu ukun farko, tsatsar dare ce a kan faifai, tana gogewa. Abin da ya fi wannan shi ne birkin hannu: motar da ta kwana biyu da shi a ja, takalmin birkin baya ya manne da ganga, sai da aka buga da guduma. Yanzu a giya ake barin mota, a sa katako a taya. Batir kuma yana wayar gari a kashi 20 zuwa 25, don fanka ba ta tsayawa kuma wani farin hazo na gishiri na kwanciya a kan faifan sola. Ana wanke su kowace safiya da ruwan daɗi da tsumma mai laushi. Ranar da ba a yi tafiya ba, ana kashe firjin mota ɗaya a haɗa kaya a ɗayan.

Daga Hillacondji an shigo Togo, agogo ya koma baya da awa ɗaya. Kafin ƙarfe shida rana ta faɗi, don haka ƙarfe huɗu da rabi ake neman masauki. Wayoyi a kusa da iyaka na tsalle tsakanin lokaci biyu, kada a dogara da su wajen lokacin salla. Aneho ita ce hedikwatar Jamusawa 'yan mulkin mallakar Togo kafin su koma Lome a 1897. Gaɓar Togo duka ta ɗan haura kilomita 50 ne, gobe za a tsaya Agbodrafo a ga gidan bayi, a wuce Lome.

Lahadi, 12 ga Janairu, Keta

Iyakar Aflao, ta shiga Gana, a bakin birnin Lome take. An canza kuɗi zuwa sidi, an karɓi sabuwar takardar shigar mota. Daga Denu hanya ta bi wani siririn tudu, teku a hagu, tafkin Keta a dama, kuma a wajen Agavedzi ana ganin gidajen da ruwa ya cinye rabinsu. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 rairayin da kogin Volta ke kawowa ya ragu, zaizayar ta ƙaru. Sansanin Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784 ma teku ta tafi da babban sashensa a 1980, yanzu jibga-jibgan duwatsun kariya ne ke tsare abin da ya saura. A Woe akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1901.

Wanda ya san noman albasa a fadamar Goronyo ko Wurno zai daɗe tsaye a gonakin Anloga. A kan zallan rairayi suke noman ƙananan albasa, a dogayen kunyoyi, da takin shanu da na kaji, suna ban ruwa daga gajerun rijiyoyi a cikin gonar. Ruwan daɗi a saman na gishiri yake kwance, shi ya sa ba sa zurfafa haƙa. Wannan ya shafi tankunan ayarin kai tsaye. Rijiyar bakin teku a ɗanɗana kafin a ɗiba, a gwada da sabulu, in bai yi kumfa ba na wanke-wanke ne kawai. Ba ya shiga tankin sha, ba ya shiga lagireto. Na sha daga famfon gari ake cikawa.

An hau rufin motoci an duba. Kusoshin silba ba abin da ya same su. Na baƙin ƙarfe a mota ta biyu sun yi ja, kuma inda suka taɓa firam ɗin alminiyon wani farin gari ya fito kamar garin rogo, ramin ya fara faɗi. Ƙarfe biyu mabambanta ne suka haɗu, ruwan gishiri ya shiga tsakani, alminiyon ke ci. An kwance, an goge, an cika da giris, an sa washar roba tsakaninsu. Wannan zai riƙe zuwa Tema, inda za a nemi na silba masu milimita 8 guda 16.

Gobe da safe za a kai motocin uku wurin wanki a ɗaga su, a wanke ƙarƙashi da ruwan daɗi, a sake giris a duk inda ke shan giris, a fesa baƙin mai a sifirin da bakin shasi. Daga nan Anloga, Dabala, gadar Sogakope, a karya a Kasseh zuwa Ada Foah, inda Volta ke shiga teku. A garuruwa da yawa na gaɓar Gana masunta ba sa fita ranar Talata, saboda haka kifin jibi gobe za a saye shi, a kuma sa a ƙyafe shi kafin a ɗora a mota.